Ku bar Moment.js, ku koma Day.js

'Yan'uwa masu rubuta JavaScript, in kwanan wata kawai za ku nuna a shafi, Day.js ya ishe ku. Shi da Moment.js duk library ne, wato shiryayyen code na sarrafa kwanan wata.
Nauyinsa kusan 2KB ne, kuma format(), mai tsara yadda kwanan zai fito, na nan yadda kuka saba a Moment.
Masu Moment da kansu sun daina ƙara masa sabon abu tun 2020.

Na gwada a shafin wata mai sayar da atamfa a unguwar Nima, Accra. Kwastomominta da ƙananan wayoyi suke shiga, data kuma kaɗan-kaɗan suke saya. Yanzu shafin ba ya jan ƙafa.

Amma a kula: a Day.js, add() da ake ƙara kwanaki da shi ba ya taɓa ainihin kwanan, sabo yake dawo muku da shi. In ba ku ajiye shi ba, lissafi zai rikice.
Agogon wata ƙasa kuwa, sai kun ɗora wa Day.js plugin (ƙarin code) guda biyu, utc da timezone.