Yadda ake haɗa inuwa mai launi irin ta gidan kimiyya na Exploratorium

A yawancin gidajen tarihi, gilashi ne ke tarbar mutum, da allon da ke cewa kada a taɓa. Gidan Exploratorium da ke birnin San Faransisko a Amurka ya soke wannan doka: duk abin da aka ajiye a ciki don a taɓa shi aka ajiye, a murɗa, a ja, a ga abin da zai faru. Frank Oppenheimer ne ya buɗe shi a 1969, ƙanen Robert Oppenheimer da ya jagoranci ɗakin binciken da ya ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Frank ya rasa aikinsa na jami'a a 1949, lokacin da ake farautar waɗanda suka taɓa shiga jam'iyyar kwaminisanci. Ya koma kiwon shanu a jihar Kolorado, daga baya ya koyar da kimiyya a wata sakandare da ke yankin, yana haɗa wa ɗalibai kayan gwaji da abin da ya samu a kusa. A 1965 ya zaga gidajen tarihin kimiyya na Turai, ya dawo da niyyar kafa nasa.

Abin da ya fi cancanta a kwaikwaya daga gidan ba girmansa ba ne. Wurin da kafintoci da maƙera ke haɗa kayan a fili yake, baƙo yana ganinsu suna yanka suna gyara. Masu yi wa baƙi bayani kuwa ɗaliban sakandare ne na garin, ana horar da su ana biyansu. Kuma gidan bai ɓoye fasaharsa ba, ya buga yadda ake haɗa kayansa dalla-dalla don wasu su yi nasu. Saboda haka makaranta ko ƙungiyar unguwa za ta iya farawa da gwaji ɗaya tak. Na inuwa mai launi ya fi dacewa, don ba shi da tsada kuma yaro da dattijo duk yana tsayar da su.

Ana buƙatar ƙwan LED uku masu aiki da bolt 12, ja da kore da shuɗi, kowanne kamar wat 3. Sai makunni uku, fis mai amp 2, waya, batir mai bolt 12 irin ƙaramin nan na amp-awa 7, katako mai tsawon mita ɗaya, da farin bango ko farin yadi mai kauri. Kada a haɗa da wutar gida kai tsaye. Wuri ne da hannun yara zai yi ta kaiwa da komowa, kuma bolt 12 ba ya jan mutum. Ƙwayaye ukun suna jan kusan kashi uku cikin huɗu na amp ɗaya, don haka batirin zai ba da awa huɗu zuwa biyar kafin ya kai rabi. A nan ake tsayawa a sa caji, domin zuƙe shi ƙarƙaf na rage masa kwana.

A kafa ƙwayayen a jere a kan katakon, kore a tsakiya, da tazarar santimita 30 tsakanin kowanne biyu. Fis ɗin ya zauna kusa da kan batir mai alamar tarawa, daga nan waya ta rabu uku, kowane ƙwai da makunninsa. A rufe batir da wayoyi cikin akwatin katako, makunnan kaɗai za a bari a waje. A ajiye katakon mita biyu zuwa uku daga bango, a karkata ƙwayaye biyu na gefe kaɗan har hasken ukun ya sauka wuri guda. A rufe tagogi da bargo ko kwali.

Idan komai ya daidaita, tsakiyar bangon zai yi fari. Mutum ya miƙa hannu nesa da bango, sai ya ga inuwa uku: ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya shuɗi mai haske irin na sararin sama, ɗaya ja mai sirkin shuɗi. Dalili shi ne hannun ya tare ƙwai ɗaya ne kawai a kowane wuri, sauran biyun suna haska gurbin. Inda ya tare shuɗi, ja da kore suka haɗu, ido ya ga ruwan ɗorawa. Wannan ce ke ba mutane mamaki, domin a fenti ja da kore ƙasa-ƙasa suke bayarwa. Fenti yana shanye haske ne, fitilu kuwa ƙara wa juna suke yi, kuma idon ɗan Adam yana gane launi da ƙwayoyi iri uku ne. A matso da hannu kusa da bango, inuwoyin za su hau kan juna, ja da kore da shuɗi su fito, inda ukun suka haɗu kuma ya yi baƙi.

Matsalar da aka fi samu ita ce bangon ya ƙi yin fari, ya yi kore-kore, saboda ido ya fi jin kore. A ja koren baya kaɗan-kaɗan. Ninka nisa sau biyu yana mayar da haske kashi ɗaya cikin huɗu, don haka a bi a hankali. Idan inuwar ta fito a wargaje, ƙwan ne mai ƙananan idanu da yawa, kowanne yana jefa tasa inuwar. A nemi mai ido ɗaya. Bango mai fentin ruwan madara yana shanye shuɗi, a rataya farin yadi. Naɗe farin ƙwan fitila da leda mai launi kuwa ɓata lokaci ne, wasu launuka na ratsa ledar, sai komai ya dishe.

Rubutun da za a liƙa kusa da kayan ya rabu biyu, kamar yadda Exploratorium ya saba: abin da za ka yi ka lura, sannan abin da ke faruwa. Na farko ya zama gajere: "Kashe ja. Wace inuwa ce ta ɓace?" Ɗalibin da aka ɗora a wurin kada ya yi saurin ba da amsa, gara ya ce, "Baba, gwada kashe na tsakiyar mu gani." Kafin buɗewa, a kira yara biyar ko shida a zuba musu ido ba tare da an ce musu komai ba. In sun yi ta laluben makunni, wurinsa ne bai yi ba, a sauya.

Makunni ne ke fara lalacewa, don ana danna shi ba adadi a yini. A sayi na ajiya tun farko, a ɗaura shi da noti maimakon gam, kuma idan ya mutu a canza shi a gaban baƙi, a bar ɗaliban su riƙe sukundireba.