Babi na 7: Kwalkwali da Rigar Lifidi na Soso

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena 'yan aji. Bana makarantar yaranmu ta ce bikin ƙarshen shekara na shigar hawan sallah ne, kowane yaro ya zo kamar mahayin sarki. Da yawanku kun same ni da magana ɗaya: "Malama, ina muka ga kuɗin alkyabba?" Ba sai da alkyabba ba. Duk wadda ta taɓa kallon hawa a Ringim ko Gumel, ko Hawan Daushe a Kano washegarin sallah, ta ga 'yan lifida da rigarsu mai kauri da kwalkwali mai gashin jimina a ka. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidin gaske auduga ake cusa masa a ɗinke. Namu na soso ne, kuma a tsakar gida za mu yi shi.

Darasi na 1: Kayan aiki

Soso iri biyu ne, kada ku rikita su. Akwai soson katifa mai laushi, wanda in kin matsa ki saki yake dawowa. Shi muke so. Akwai kuma farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin talabijin. Ba shi ba. Gam yana cinye shi, fetur ma yana narkar da shi.

Ku aika wa kafinta mai yin kujerun kushin, ku ce ragowar soso ake so mai kaurin rabin inci. In babu a gari, a ba wa mai zuwa cin kasuwa sautu, ko Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis. A haɗo da gam ɗin masu gyaran takalmi, mai ruwan zuma da ƙarfin wari, ƙaramin gwangwani ya isa. Sai farin gam na kafintoci irin Top Bond, da fentin ruwa ja da kore da rawaya, da sabuwar reza guda 2. Tef ɗin tela a aro. Takardar buhun siminti da biro kuwa ba sa gagara.

Ku karanta da ƙarfi, ku kwafa a littafi: soso, gam, reza, fenti, tef.

Darasi na 2: Awo da yanka

Tef fuska biyu gare shi. Fuskar da lambobinta manya ne, suka tsaya a 60, ita ce inci. Ɗayar mai ƙananan lambobi har 150 santimita ce, yau ba ruwanmu da ita. Ki fara daga bakin da ke da ɗan ƙarfe, kusa da lamba 1. Ki zagaya kan yaro ta saman gira da saman kunne. Inda bakin ƙarfen ya sauka, ki karanta lambar, ki rubuta nan take. Kada ki ce za ki riƙe a ka. A ce kin sami 21. Ki ƙara 2 saboda kaurin soso, ya zama 23.

Ki yanki takardar siminti, tsawo inci 23, faɗi inci 9. Ki ninke tsawon nan na inci 23 gida biyu, ki sake ninkewa haka, ta zama ninki 4. Daga ƙasa ki auna inci 3 ki ja layi. Abin da ke ƙasan layi ba a taɓa shi. Daga layin, hagu da dama, ki zana lanƙwasa ta haɗu a tsakiyar sama, kamar bakin ganyen mangwaro. Ki yanke da almakashi, ki buɗe. Za ki ga tsini 4 a jere. In 3 kika gani ko 8, ninkin ne ya kuskure, ki sake. Takarda ce, ba asara.

Ki shimfiɗa takardar a kan soso, ki bi gefenta da biro. Ki ɗora soson a kan katako, ba a cinya ba, ba a tabarma ba. Ki ja reza a hankali ta bi layi. Kada ki riƙa goga ta gaba da baya kamar zarto, bakin soson zai yi kaca-kaca.

Darasi na 3: Gam

To, a nan nake so kowa ta ajiye hira. Ba a taɓa yin ajin da wannan darasin bai kayar da mutane ba.

Wannan gam ba irin kokon da ake liƙa takarda ba ne. Ba ya kamawa yana jiƙe. Sai ya sha iska. Ga yadda ake yi, kalma 5:

Shafa. Shafa. Jira. Taɓa. Haɗa.

Me ya sa "shafa" sau biyu? Domin baki biyu za a haɗa, kuma kowanne sai an shafa masa nasa. Ki samo ɗan tsinke mai faɗi, ki shafa wa bakin tsini na farko kaɗan, kamar yadda ake shafa wa jariri mai. Ki shafa wa bakin tsini na biyu da ke kallonsa. Sai ki ajiye, kada su taɓa juna.

Sai jira. Minti 5 zuwa 10. Mai waya ta duba agogo, ta rubuta lokacin da ta shafa: in 4:10 ne, kada ta taɓa sai 4:15 ta wuce. Marar waya ta tashi ta wanke kwanuka ta dawo.

Sai taɓa. Da bayan yatsa. In gam ya biyo yatsanki yana zare kamar yauƙin kuɓewa, bai yi ba, ki koma ki jira. In ya ɗan kama yatsan ya sake shi, yatsa ya fito tas, ya yi.

Sai haɗa. Ki fara daga ƙasa wajen layi, ki riƙa matse bakin biyu kaɗan-kaɗan har tsini. Ki saita da kyau tun farko, domin in ya kama ya kama ke nan, sai dai a yaga.

Na san abin da zuciya ke faɗa. Tana cewa, "Ai zai bushe ya ƙi kamawa." Ba zai ƙi ba. Ni ma haka na ji ranar da na fara, kuma na ɓata soso biyu kafin na yarda. Ba rashin basira ba ne, hannunku ne ya saba da gaggawar aikin gida. Ku sake faɗa tare: shafa, shafa, jira, taɓa, haɗa.

Bara wata gwaggonmu, mai hannun saƙa da babu irinsa a ajin, ta shafa ta haɗa nan take, ta riƙe da hannu biyu tana salati. Ta saki, ya zauna. Ta ce, "Malama, kin gani? Ba sai an jira ba." Jikanta ya saka, ya yi taku uku, kwalkwali ya dare gida huɗu a kansa kamar furen kabewa. Muka kankare gam, muka fara daga farko. Sauri ya haifi nawa.

Haɗi 4 ne a kwalkwali: 3 a tsakanin tsinaye, 1 na rufe baya. Kowanne da jiransa. Kada ki ce na farko ya yi kyau, bari in haɗa sauran a jiƙe. Haɗi na biyu: shafa, shafa, jira, taɓa, haɗa. Na uku haka. Na huɗu haka.

Yanzu zan ɗan yi faɗa, ku yi haƙuri. Sau nawa zan ce kada a kai gam kusa da murhu don ya yi saurin shan iska? Gam ɗin nan ɗan'uwan fetur ne wajen kama wuta, soso kuma in ya kama yana ci nan da nan, hayaƙinsa guba ne. Ba murhu, ba aci-balbal, ba garwashin turaren wuta. A yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ba cikin ɗaki ba. A rufe gwangwani bayan kowace shafa, a ɓoye shi inda hannun yara da samari ba ya kai, kun san abin da ake yi da sholisho. Mai goyo ta ba wa wata ta riƙe mata. Kuma wadda ta zo ta ce mini nata ya ɓalle, tambayata ɗaya ce: kin jira? Kada ki ce e alhali yatsunki duk gam ne. Ina gani.

Ku rubuta kalmar "jira" sau 10.

Darasi na 4: Riga

Ki auna daga kafaɗar yaro zuwa ƙugu, ki ninka biyu, shi ne tsawo. Faɗi kuwa daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ki yanki soso daidai wannan awo. Ki kifa murfin kwano a tsakiyarsa, ki zana, ki yanke, wuya ke nan. Ki huda gefe-gefe ki zura igiyar atamfa ta ɗaurewa. Babu gam a nan, ku huta.

Darasi na 5: Fenti

Soso yana shan fenti kamar rairayi. Sai an toshe shi tukuna. Farin gam gwangwanin madara 1, ruwa gwangwani 1, a dama, a shafe ko'ina, a shanya a inuwa inda ƙura ba ta kai. In ya bushe a ƙara. Sannan fentin ruwa, ba na mai ba. A tsoma guntun soso a riƙa dangwalawa. Rawaya a fara, ja da kore su biyo. A ja wa rigar layuka masu gilma juna kamar ɗinkin lifidi. Kada a ɗora launi kan wanda bai bushe ba. Jira ne dai kuma.

Darasi na 6: Ranar biki

A soka gashin zakara ko na zabo a tsinin kwalkwali. A gama kwana 2 kafin biki don warin ya fita. Yaro ya saka a kan rigarsa. In ya ji zafi a cire masa, a ba shi ruwa. Kada ya tsaya wajen masu tuyar ƙosai.

Aikin gida: kowa ta zo da lambar kan ɗanta a rubuce.