Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa 'yan sakandare rubuta takardar neman aiki

Malamai 'yan uwana, musamman masu ɗaukar Turanci a SS2 da SS3, akwai maganar da ya kamata mu zauna mu yi. Yaro zai gama sakandare, ya ci Turanci a WAEC har da kiredit, amma ranar da aka ce wani gidan mai ko wata makarantar kuɗi na neman ma'aikaci a kawo takarda, sai ka ga ya kama hanyar shagon kwamfuta ya biya kuɗi an buga masa wadda aka riga aka buga wa rabin unguwa, suna kawai ake gogewa a sa nasa. Kuma fa an koya masa wasiƙa a aji, yana da ita a littafinsa har da makin malam da jan biro. To ina gizo yake saƙar?

Babban kuskuren dai shi ne ana koyar da wasiƙar ne don mai makin jarrabawa kawai, an manta da wanda zai karanta ta a ofis ko a shago. A WAEC ana so yaro ya rubuta abin da bai gaza kalma 450 ba, maki 50 ne, 10 na abin da ya faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, don haka dole yaro ya koyi jan magana ya cika shafi biyu, kuma wannan daidai ne a ɗakin jarrabawa. Amma manajan da aka tara wa takardu a tebur, ga waya na ta ƙara, ga kwastoma na jira, wallahi ba zai karanta shafi biyu ba, layin farko zai duba in bai ga abin da yake nema ba ya tura ta gefe. Gyaran ba wuya, ka gaya wa yara ɓaro-ɓaro cewa wasiƙa iri biyu ce, akwai ta cin jarrabawa akwai ta cin abinci, ta biyun ba ta wuce shafi ɗaya, sakin layi uku ko huɗu ta ƙare. A koyar da su duka biyun, kar a bar ɗaya ta haɗiye ɗaya.

Maganar tsari kuwa ba zan daɗe a kai ba don nan ne aka fi ɓata lokaci, wani malamin sai ya yi sati biyu a kan inda ake sa adireshi da waƙafi. Adireshinka da kwanan wata, muƙamin wanda kake rubuta wa da adireshin wurin, Dear Sir ko Dear Madam, kan magana, jikin wasiƙa, Yours faithfully, sa hannu, sannan cikakken suna a ƙasa. Shi ke nan, darasi ɗaya ya isa. Abin da yara ke ɓatawa a nan sanannu ne, su sa wa Yours ɗin ɗan waƙafin sama, ko su rubuta faithfully da babban baƙi, ko su rubuta suna su manta sa hannu. Wanda ya fi duk waɗannan illa kuma littafin aji bai cika ambato ba shi ne lambar waya. Yaro ya rubuta takarda mai kyau babu lamba ko ɗaya, ko ya sa ta wani yayansa da ke Legas wanda ko an kira shi bai san zancen ba. In yaro ba shi da waya ya sa ta wanda suke kwana gida ɗaya, kuma ya sanar da shi cewa za a iya kira.

Sai gaisuwa. Mu dai an rene mu a kan ba ka fara magana da babba sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tambayi gajiya, don haka yaro in ya ɗauki biro abin da ke zuwa masa ke nan, sai ka ga ya buɗe da How are you and how is your family, ya bi da fatan yana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda shi ma yake. Kuskuren malami a nan shi ne ya karanto wannan a gaban aji a yi ta dariya. Kar ka yi haka don Allah, tarbiyya ce ta sa shi, abin da yake buƙata a fahimtar da shi shi ne a takardar ofis ladabi yana fitowa ne ta rashin ɓata wa mutum lokaci, da rubutu mai tsafta, da kiran muƙaminsa daidai. Gaisuwar ya ajiye ta sai ranar da ya kai takardar da hannunsa ko ranar intabiyu, nan ne zai rusuna ya ce ranka ya daɗe ina kwana, kuma za ta yi masa amfani sosai.

Ɗan uwan wannan shi ne roƙo, kuma shi ya fi ci min rai. Takarda daga sama har ƙasa kuka ne, ni maraya ne, mahaifina ya rasu, mu goma sha ne a gida, a taimaka min don girman Allah. Sau da yawa gaskiya yaron yake faɗa, halin da ake ciki kowa ya sani, amma mai shago ba gidauniyar tallafi ya buɗe ba, yana neman wanda zai riƙe masa kaya da amana ne, kuma takardar da ta cika da roƙo tana nuna masa cewa yaron bai da wani abin da zai kawo sai buƙata. Har da tsohuwar jimlar nan I beg to apply da aka gada tun zamanin Turawa ake ta kwafa daga littafi zuwa littafi, a bar ta ta huta haka, I am applying for ta wadatar. A sa yara su ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ke maganar abin da suke so a yi musu, sannan su ƙirga jimlolin da ke maganar abin da su za su yi wa wurin, da kansu za su ga inda ma'aunin ya karkata.

Wani kuskuren kuma shi ne a ba yara aikin aji a ce su rubuta takardar neman aiki zuwa wani kamfani, shi ke nan, ba a faɗi wane kamfani ba, ba a faɗi wane aiki ba. Daga nan ne ake haifar takardar nan ta any vacant position, wato ko wane aiki ne a ba ni. Wanda ya ce zai iya kowane aiki ai bai faɗi komai ba. Ka fita ka samo sanarwa ta gaske, suna nan manne a jikin bangon makarantun kuɗi da ƙofar kemis da gidajen burodi, suna yawo a guruf-guruf na WhatsApp, ana neman mai POS, ana neman malamar nazare, ana neman mai kula da sito. Ka rufe sunan wurin da lambar wayar, ka kwafa a allo, a karanta tare, a tambayi yara me mai sanarwar nan yake tsoro? Mai neman yaron POS tsoronsa kuɗi su ɓace ko lissafi ya rikice, mai makaranta tsoronsa malamar da za ta riƙa makara ko ta daki 'ya'yan mutane. In yaro ya gano tsoron, ya san abin da takardarsa za ta amsa.

Yanzu ga inda aikin yake na gaske. Duk ajin da ka shiga ka ce su rubuta gogewar da suke da ita, za su ce maka malam ai mu ba mu taɓa aiki ba, kuma malamai da yawa sai su yarda su ce to a tsallake wurin, ko a cike shi da hardworking, honest, obedient, kalmomin da kowa ke rubutawa kuma ba wanda ke yarda da su. Alhali yaran nan suna aiki tun suna firamare. Ka ajiye Turancin tukuna, ka tambaye su da Hausa, me kake yi in an tashi daga makaranta, me kike yi ranar Asabar? Sai ka ji abin mamaki, wannan yana tsare shagon babansa daga la'asar zuwa isha, wancan yana koyon gyaran waya, wannan tana ɗaukar 'yan ƙaramin aji karatu a Islamiyya, waccan ita ke rubuta adashin matan layinsu, wani shi ne monita tun JS1 shi ke riƙe rajistar aji.

Ɗauki yarinyar da mamanta ke sayar da atamfa da leshi a gida bashi, ana biya kaɗan-kaɗan. A takardarta ta farko abin da za ta rubuta shi ne ita yarinya ce mai gaskiya da riƙon amana da son aiki. Amma in ka zauna da ita minti biyar za ka ji cewa ita ke riƙe littafin bashin, kowace mata da shafinta, ranar da ta ɗauki kaya da nawa ta bayar da nawa ya rage, duk ƙarshen wata ita ke haɗa lissafi ta bi gida-gida karɓar kuɗi, in an turo ta waya ita ke duba alat ta rubuta. To wannan ne za ta sa a takarda, jimla biyu ko uku, tun yaushe take yi, me take rubutawa, kuɗin wa ke bi ta hannunta. Ba sai ta kira kanta mai amana ba, mai shagon da ya karanta haka shi zai faɗa da bakinsa. Sai an gama tono irin wannan da Hausa sannan a koma neman yadda za a faɗe shi da Turanci mai sauƙi, in aka fara da Turancin yaro zai rubuta abin da ya iya faɗa ne kawai, ya bar abin da ya iya yi.

Amma fa a ja musu kunne kan ƙarya. Kowa yanzu sai ya rubuta ya iya kwamfuta, a zaunar da shi gaban Excel ya kasa buɗe sabon shafi, daga nan duk sauran abin da ya rubuta ya zama abin zargi. In waya ya iya, ya ce waya ya iya, yana tura imel, yana cike fom a intanet, wannan ma abu ne. Haka masu kwafowa daga intanet ko su sa ChatGPT ya rubuta musu, sai ka ga Turanci kamar na farfesa, har gurbin da aka bari a sa sunan kamfani yana nan ba a cike ba. Hana su ba zai yi aiki ba, abin da ke aiki shi ne ka ce yaro ya rufe takardar ya gaya maka da baki me ya rubuta, duk jimlar da ya kasa bayani a cire ta, don ranar intabiyu ma haka za a yi masa.

Kuma mu daina yi kamar har yanzu kowace takarda a ambulan ake kai ta. Tun da aka fara N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ɗaukar matasa aiki, a 2016 matasa suka ga cewa ta intanet ake nema, ɗaukar 'yan sanda da soja ma ta shafin intanet ne, ƙananan wurare kuwa cewa suke a turo ta WhatsApp ko imel. Yaro zai tura hoton sakamakonsa a karkace, rabi a duhu, yatsansa ya rufe kusurwa, ba sallama ba bayani, ko ya rubuta slm kawai ya zauna jiran amsa. Ko adireshin imel ɗinsa ya zama wani laƙabi da abokai ke kiransa da shi a majalisa. Darasi ɗaya a ware wa wannan, ya buɗe imel da sunansa na gaskiya, ya cike layin kan magana da sunan aikin da yake nema, ya iya mayar da takarda PDF ya sa mata suna, ya rubuta gajeren saƙo mai cikakkun kalmomi. 'Yan uwanmu na Nijar su kuma har yanzu a gasar shiga aikin gwamnati akan nemi takarda rubutun hannu da kan sarki a manne, da Faransanci, don haka a can kyan rubutun hannu bai zama tsohon yayi ba, ko a nan ma wasu masu makarantu da gangan suke cewa a rubuto da hannu don su ga rubutun wanda zai tsaya gaban allo.

Abin da ake haɗawa da takardar ma a duba shi tun yara na makaranta. Suna a NIN daban, a sakamakon WAEC daban, a takardar haihuwa an juya na uba ya koma gaba, wani wurin Muhammad wani wurin Mohammed, ranar haihuwa ma ba ta zo ɗaya ba, irin wannan yana hana mutum aiki bayan ya sha wahalar nema, kuma gyaransa ya fi sauƙi kafin a yi rajistar jarrabawa. Fotokwafi ake bayarwa, orijina a nuna a dawo da ita gida. Wanda za a sa a matsayin mai shaida, firinsifal ne ko limami ko mai unguwa, a je a nemi izininsa tukuna. Kuma duk wanda ya ce a turo kuɗi kafin a ba da aiki, ko a turo lambar sirri ta katin banki, a gudu.

Wajen maki kuma, takarda ta dawo wa yaro ja-wur kamar an yanka kaza a kanta, an sa 4 bisa 10, an wuce darasi na gaba, bai sake rubuta ta ba har ya bar makaranta. Takardar neman aiki sai an yi ta gyara take kyau. Na san aji ya cika, malami ɗaya ba zai iya bin kowa sau uku ba, to a raba su biyu-biyu su yi musaya, kowa ya zama mai ɗaukar aiki, ka ba su minti ɗaya su karanta sannan ka tambaya, wane aiki yake nema, me ya iya, ta ina za ka same shi? Wanda abokinsa ya kasa amsa ɗaya daga ciki ya koma ya gyara. Kai kuma a zagayen farko ka duba abin da aka faɗa kawai, kuskuren nahawu ka bar shi sai zagaye na biyu. In da hali ka roƙi wani daga cikin iyayen yara mai shago ko mai makaranta ya shigo aji, a cire sunaye a miƙa masa takardu biyar, ya zaɓi wadda zai kira ya faɗi dalili a gabansu. Wadda aka gyara ta ƙarshe kowa ya kwafe ta da kyau a farar takarda, ya ɗauki hotonta ya tura wa kansa a imel ɗin da ya buɗe, don littafin aji ba ya kai wata uku bayan NECO kafin a nannaɗe ƙosai da shi.