Yadda ake toshe yoyon iska a totur bodi ɗan kasuwa a mota mai tabo

Duk mai shiga sana'iyyar Jidda, wato unguwar masu gyaran mota, ya saba ganin Patrol 4.8 da aka ɗora wa tabo, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, aka cire mata totur bodi na kamfani aka sa ɗan kasuwa mai faɗin baki na alminiyom. Larabawa suna ce wa wannan abu bawwaba, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji. Kwana kaɗan da sa shi sai mai mota ya dawo gareji: silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya hau ya ƙi sauka, ko kuma ana jin wani fito siriri in an taka. Da yawa daga nan suke fara sayen filogi da sensa ɗaya bayan ɗaya, kuɗi na tafiya ciwo na nan. Kafin ka sayi komai, nemo inda iskar take bi.

Ka fara da sanin gefen da ɓarakar take, domin faifan da ke cikin totur bodi ya raba hanyar iska gida biyu. Bayan faifan, wajen manifol da ke raba iska ga silindoji, inji yana zuƙa ne in yana silo. Ɓaraka a nan tana shigo da iskar da kwamfutar mota ba ta ƙirga ba, sai mai ya yi ƙaranci, allurar juyin inji ta haura 1,000 maimakon 700 ko 800, na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0171 ko P0507. Gaban faifan kuwa, daga tabo zuwa intakula mai sanyaya iska zuwa bakin totur, iska a matse take, don haka fita take yi waje. A silo ba za ka ji komai ba, sai ka taka mota ta ƙi ja. In motar mai sensar MAF ce, wadda ke auna iskar da ke shiga, kwamfuta ta riga ta ƙirga iskar da ta zube, sai ta zuba mai daidai da ita, ka ga baƙin hayaƙi a baya, wani lokaci da P0299. Sai dai ka tuna, ɓarakar bayan faifai aiki biyu take yi: tana zuƙa a silo, tana busawa in tabo ya ɗauka.

Kayan gwajin ba tsada. Ka sami murfin bututun ruwa na roba wanda ya yi daidai da bakin tabo, ka huda shi ka sa bawul ɗin taya. Sai kwamfuresa mai geji da abin rage ƙarfin iska, da kwalbar feshi da ka cika da ruwa da sabulun wanke-wanke. Wasu suna fesa ruwan wanke kafireta a jikin inji yana aiki, su saurari canjin sauti. Ni ban yarda da wannan ba, musamman a zafin Yuli da inji ke kamar tanda. Feshin yana kama wuta, kuma ba ya nuna ɓarakar da sai iska ta matse take buɗewa.

Kashe mota ka bari ta huce. Cire matatar iska da sensar MAF, ka ɗaure murfin nan a bakin tabo da kilam mai ƙarfi. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka ajiye, ka cire tiyon numfashin inji ka toshe inda ya fito, don kada iska ta taru a cikin inji ta ture sil, wato robar da ke hana yoyo. Yanzu saki iska a hankali. Fara da matsin rabin bar a geji, kimanin psi 7, ka ƙara kaɗan kaɗan, kada ka wuce ƙarfin da tabonka ke bayarwa a kan hanya. Kada ka tsaya daidai saitin murfin, in ya ƙwace kamar harsashi yake fita. Geji zai riƙa sauka a hankali ko da babu matsala, saboda wasu bawul na inji a buɗe suke. Kumfa kake nema.

Fesa ruwan sabulu a mahaɗar totur bodi da manifol, da bakin tiyo, da gindin sensar totur, da bawul ɗin silo in akwai, da ƙananan hancinan da ake jona tiyon iska. Totur bodi 'yan kasuwa sukan zo da hanci uku ko huɗu, kai kuma biyu kake buƙata, ragowar an rufe da hular roba. A rani ɗaya na ƙasar nan hular take bushewa ta tsage. Na taɓa ganin wadda daga sama lafiya lau, da na lanƙwasa ta da yatsa sai ta buɗe baki kamar busasshen dabino. Cire hancin gaba ɗaya ka ɗaura noti mai toshewa da ɗan gam na zare, ka huta.

In kumfar daga mahaɗa take, kwance totur bodin. Ɗora ƙarfen awo mai miƙe a fuskarsa ka haska tocila ta baya. In haske ya ratso, fuskar ta karkace, sau da yawa saboda wani ya ɗaure noti ɗaya tamau kafin sauran. Shimfiɗa samfefa mai lamba 400 a kan gilashi mai kauri, ka zana fuskar da maka, ka riƙa gogawa kana zagayawa kamar kana rubuta 8 har tawadar ta goge ko'ina. Wanke garin alminiyom ɗin tas. Sa sabon gaskit, tsohon ya gama aikinsa. In zoben roba ne a cikin kwari, nemi na Viton, wanda ke jure zafi har wajen digiri 200, baƙin nan na gama-gari yana sandarewa tun a 120. Kada ka lafta silikon. Abin da ya tsattsafo ciki inji zai haɗiye, wani irinsa kuma yana kashe sensar iskar salansa. Ɗaure notuna a gicciye, kaɗan kaɗan, in masu milimita 6 ne ƙarfin ɗauri wajen Nm 10 ya isa.

Aiki mai wuyar shi ne in kumfa tana fitowa ta gefen sandar da ke juya faifan. Nan ne 'yan kasuwa masu araha suka fi cin amana, domin wasu an ƙera su ne don motar da ba ta da tabo, ba sil ko ɗaya a sandar. Kama sandar ka girgiza. In tana wasa, bushin ko boris ya ci, sabon sil ba zai daɗe ba sai an canja su. In ba ta wasa, sil kawai za ka sauya. Yi wa faifan alama don ka san fuskar da ke kallon inji, ka kwance ƙananan sukurori biyun da ke riƙe da shi, ka zare sandar, ka ɓanɓare tsohon sil da tsinke ba tare da ka karce mazauninsa ba. Shafa wa sabon ɗan giris, leɓensa ya kalli ciki inda matsin yake. Wajen mayarwa, rufe faifan ya zauna da kansa a tsakiya kafin ka ɗaure, ka ɗaga shi sama ka ga hasken gefensa daidai yake. Sukurorin nan dole ka sa musu gam na zare mai ƙarfi, domin ɗaya in ya kwance cikin silinda zai faɗa, ka tashi daga gyaran riyal 50 zuwa sauke inji. In totur ɗin na lantarki ne, kada ka taɓa faifan alhali makulli na kunne, kuma buɗe akwatin giyarsa ba aikin gida ba ne.

Tiyon baki ba ya ɗaukar lokaci. Goge mai daga cikinsa, ka tabbata bakin bututun yana da ɗan tudu mai riƙe tiyo, ka sa kilam mai noti a bayan tudun.

Maimaita gwajin sabulu kafin ka mayar da matata, ka tuna da murfin baƙin mai da tiyon numfashi. Goge lambobin da na'ura, ka sa kwamfutar ta sake koyon silo yadda littafin motarka ya tsara. In inji ya yi zafi, duba a na'ura gyaran mai da kwamfutar take yi a silo: in ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, kana kan hanya. Sannan ka hau titi. Hawan Hada zuwa Ɗa'ifa yana sa tabo aiki na tsawon lokaci, in ka kai sama ka bar inji ya huce, ka sake bin kilam ɗin da sifana, domin tiyon silikon yakan saki bayan zafin farko.