Yadda Za Ka Karanta Lambobin Jikin Taya

1. Duba gefen tayar. Za ka ga rubutu kamar 205/55 R16 91V.

2. 205 faɗinta ne a milimita. 55 kuwa tsayin gefenta: kashi 55 cikin ɗari na faɗin.

3. R na nufin zaren cikinta a gicciye yake. 16 girman rim ne a inci, tilas ya yi daidai da naka.

4. 91: kowace taya tana ɗaukar kilo 615. V: iyakar gudunta kilomita 240 a awa.

5. Nemi layin rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar, musamman idan ta hannu za ka saya, don ƙyalli yana ruɗi. Lambobi huɗun ƙarshe ne ke faɗin lokacin ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23, shekarar 2022.