Hawan doki da iyali a tsaunukan Simoki: shawara ga 'yan'uwa sababbin zuwa Amurka

Na daɗe da lura da wani abu a tsakanin mutanenmu na Greensboro da kewaye. Mutum zai shekara uku a Arewacin Karolina bai san ko'ina ba sai wurin aiki, masallaci da kantin da yake sayen shinkafa. Ban ga laifin kowa ba, ga kuɗin haya, ga na gida suna jiran aike. Amma yara suna girma cikin ɗaki da allon waya, kuma da yawansu ba su taɓa shafa wuyan doki ba, alhali kakanninsu da barga a ƙofar gida suka tashi. Shi ya sa nake son duk magidancin da ya fara samun natsuwa ya ware kwana biyu, ya zuba iyali a mota, ya nufi yamma.

Gandun dajin Great Smoky Mountains, wato tsaunukan Simoki, yana kan iyakar Arewacin Karolina da Tenesi. An kafa shi a 1934, kuma a duk manyan gandayen ƙasa na Amurka babu wanda ya kai shi karɓar baƙi. Daga Greensboro tafiyar kusan awa huɗu ce: ka bi babbar hanya I-40, ka wuce Winston-Salem da Asheville, ka gangara garin Cherokee. Garin na ƙabilar Ceroki ne, zuriyar waɗanda suka tsira a nan lokacin da gwamnati ta kori 'yan'uwansu zuwa yamma a 1838, don haka ka shiga da ladabin baƙo. Kafin ka tashi ka duba shafin gandun a intanet, domin tun bayan guguwar Helene ta watan Satumban 2024 an yi ta gyaran hanyoyin yankin.

Ba a biyan kuɗin shiga wannan gandun. Sai dai tun 2023, duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 sai ta ɗauki takardar ajiye mota: dala 5 na yini ɗaya, dala 15 na mako, dala 40 na shekara. Ka saya, ka ajiye ta inda za a gani ta gilashin gaba. Wannan ƙasar gwamnatin tarayya ce, masu gadinta jami'ai ne masu ikon cin tara, kuma sabon zuwa ba shi da bukatar sunansa ya shiga kowace takardar laifi. Babu gidan mai a cikin gandun, waya ma ba ta cika samun sabis ba. Ka cika tanki a Cherokee, ka sauke taswira a wayarka tun kana gari.

Akwai bargogin haya a cikin gandun, ɗaya a Smokemont kusa da Cherokee, wasu a ɓangaren Tenesi kamar na Cades Cove. Suna aiki ne daga bazara zuwa kaka, lokacin sanyi a rufe suke. Ka buga musu waya kafin ka bar gida, ka tambayi abu uku: shekarun da ake yarda yaro ya hau, iyakar nauyin mahayi, da ko ana kama wuri tun da wuri. Kowace barga da ƙa'idarta. Nauyi dai galibi yana tsayawa ne tsakanin fam 220 da 250, wato kilo ɗari ko sama da haka kaɗan, kuma wasu wuraren sai ka taka ma'auni a gabansu. Ba wulaƙanci ba ne, bayan dabbar suke tsarewa, don hanyar hawa ce da gangara. Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne ba a yarda uba ya ɗora ƙaramin yaro a gabansa, yadda muka saba gani ranar sallah. Kowa da dokinsa. Da na kira, sai aka ce 'yar autarmu ba ta kai ba, amma akwai keken doki da ke zagayawa da masu ƙananan yara. Ita da mahaifiyarta shi suka shiga, ni da manyan biyu muka hau.

Ga wanda ya tashi a Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, ya ga hawan sallah ko ya taɓa kilisa da yamma, sai ya ɗan danne zuciyarsa a nan. Babu sukuwa, babu zamiya, babu ƙaimi. Dawaki ne masu sanyin hali, a jere ɗaya bayan ɗaya, jagora a gaba, tafiya kawai ta ƙasaita. Sirdinsu faffaɗa ne mai nauyi, da wani ƙaho a gaba wanda makiyayan shanun yammacin Amurka ke ɗaura igiya a kai. Sabon mahayi yana iya dafa shi idan ana gangara. Linzamin ma ba irin namu ba ne mai kaifi da ake fizga doki ya tsaya cak. An horar da waɗannan su ji igiya a gefen wuya: ka kwantar da ita ta hagu ko ta dama a hankali, doki ya juya. Idan ka ja da ƙarfi irin na gida, za ka ji wa bakinsa ciwo, ya rikice, ya rikita na bayansa. Jagoranmu budurwa ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta duba majayin kowa, ta daidaita mana likkafa, ta ce idan ana hawa mu ɗan sunkuyo gaba, idan ana gangara mu kwanta baya, kuma kada mu bar doki ya tsaya cin ciyawa. Na bi maganarta tiryan-tiryan, domin ita ta san dawakin nan da sunayensu da halayensu, ni kuwa baƙonsu ne. Ina roƙon 'yan'uwa maza kada girman kai ya hana su yin haka a gaban 'ya'yansu.

Da farko ɗana na fari ya ƙanƙame ƙahon sirdi, fuskarsa a ɗaure. Hanya ta shiga ƙarƙashin manyan itatuwa, inuwa ta rufe mu, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa da takun kofato. Muka zo wani rafi, dawaki suka tsunduma, ruwa ya fantsamo mana a ƙafa. A nan na ga yaron ya saki ƙahon, ya miƙa hannu yana shafa gezar dokinsa. Ya waigo ya ce, "Baba, haka dokin Alhaji yake?" Kakansa yake nufi, wanda a hoto kawai ya san shi da rawani bisa wani ingarma. Na ce masa na Alhaji ya fi wannan zafi, amma ƙamshin jikinsu ɗaya ne. Daga nan har muka sauka tambaya yake yi, mene ne sunan wannan da Hausa, mene ne sunan wancan. Sirdi, linzami, likkafa, ragama, duk a cikin awa ɗaya ya riƙe su, yaron da nake fama da shi ya amsa mini gaisuwa da Hausa.

Awa ɗaya ta isa a karon farko, domin cinyoyi za su ba da labari washegari. Ku kama na safe: da rani hadari yakan taso da la'asar, layi kuma yakan yi tsawo, musamman a Oktoba da ganye ke sauya launi. Kowa ya sa dogon wando da takalmi rufaffe. Silifa ba ta shiga likkafa. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin riga mai faɗi, su bar zurmemen hijabi a mota su sa gajere, don reshe na iya kama dogon. Hular kwano tana zama daidai a kan hijabi, ku karɓa wa yara ko da ba a tilasta ba. Za a miƙo maka takarda ka sa hannu cewa ka san hawa yana da haɗari. Ka karanta, in Turancin ya yi nauyi ka ce a yi maka bayani. Bayan an sauka, al'adar ƙasar ce a ba jagora ɗan ihsani, don haka ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu.

Abinci ku taho da shi daga gida. Nama na halal ba shi da sauƙin samu a ƙananan garuruwan tsauni, dambun nama da kilishi kuwa ba sa lalacewa a hanya. Akwai wuraren zama da tebura a bakin rafi. Sai dai dajin gidan baƙar beyar ne, kuma doka ta hana kusantarta ƙasa da yadi 50, haka ma manyan barewar nan da ake kira elk, masu kiwo a filin Oconaluftee da safe da yamma. Kada a ba su abinci, kada a bar ko ɓawon ayaba a kan tebur. Akwai kwandunan shara na ƙarfe masu makulli da aka yi domin haka. Kada kuma wani ya ga ganye ko saiwa ya ce zai tona don magani, haramun ne a dokar gandun. Da dare a duba jikin yara saboda kaska, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa.

Salla ba ta ba mu wahala ba. Mun riƙe buta da darduma, muka yi ƙasaru tunda matafiya ne, alƙibla daga nan tana arewa maso gabas. Azahar da La'asar a Newfound Gap muka haɗa su, a kan tudu mai tsayin ƙafa 5,046, daidai inda jihohin biyu suka haɗu, hazon nan mai kama da hayaƙi da ya ba tsaunukan sunansu yana kwance a ƙasanmu. Can sama akwai sanyi ko da rani ne, ku jefa rigunan sanyi a bayan mota.

In kana da yaro a aji huɗu na firamare, ka nema masa katin shirin Every Kid Outdoors. Kyauta ne, yana shigar da shi da iyalinsa gandayen tarayya masu karɓar kuɗin shiga, irin su Shenandoah a Bajiniya, wanda shi ma tafiyar mota ce daga Greensboro. Takardar ajiye mota ta Simoki dai sai ka saye ta daban.