Likita ya ce za a ɗebi naman ƙullutun nono da allura? Ga yadda za ki yi

'Yar'uwa in kin je asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya an yi miki sikanin aka ga ɗan ƙullutu a nono, likita ya ce sai an yi bayofsi, wato a ɗebi ɗan naman a gwada ko daji ne, don Allah kar ki gudu gida ki hau jiƙe-jiƙe. Zancen nan da ake yi a gidan biki wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya fantsama, ba haka bane, zaman jiran ne ke ba shi damar yaɗuwa. Kuma yawancin ƙullutun ma ba daji bane.

Kafin ranar, ki faɗa ma likita duk maganin da kike sha musamman asfirin ko na tsinka jini, in kina da ciki ko kina shayarwa shima ki faɗa. Ki sa riga da zani kar ki sa doguwar riga, ki zo da bireziya mai ɗan kama jiki.

Aikin kansa ba tiyata bane fa, ba a sa ki barci. Allurar kashe zafi za a yi a wurin, ita ce ma mai ɗan raɗaɗin, sai a tsaga fata kamar tsawon ƙwayar shinkafa, likita na kallon sikanin yana tura allurar har cikin ƙullutun. Za ki ji ƙara kas! kamar an danna sitefula, kar ki zabura, sau uku zuwa biyar haka za ki ji. Akwai kuma wata na'ura mai zuƙo naman, irin Mammotome, ita tana iya kwashe ƙaramin ƙullutu mara daji kamar santimita 2 gaba ɗaya ta wannan 'yar kafar, sai ki tambaya ko ya dace da naki. Babu ɗinki, filasta ce kawai.

In kin koma gida ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora, farasitamol ya isa. Daka da wanki da ɗaukar jarka ki bar ma yara kwana 2. Wurin zai ɗan yi duhu, wannan ba komai, amma in jini ya ƙi tsayawa ko ya kumbura da zazzaɓi ki koma asibiti a ranar.

Sakamako kan ɗau kwanaki ko sati biyu, ki adana katinki da lambar da aka rubuta a kwalbar naman, da ita za ki karɓa ki kai ma likitan.